Wa ya mallaki zuciyar ɗan kallon Birnin Gwari?

Yau hirar ƙwallo za mu yi, amma ba ta wa ya ci wa aka ci ba. Hirar kasuwa ce, kuma hajar da ake ciniki a kanta ni ne da kai, wato mu 'yan kallo.

Ku shiga kowane gidan kallo a cikin garin Birnin Gwari ranar Asabar da yamma, ko a Kuyello, ko Dogon Dawa, ko Randagi. Janareta na ruri, benci ya cika, wasu na tsaye a bakin ƙofa. Ka tambayi matasan nan wa kowa yake yi. Za ka ji Man United, Arsenal, Chelsea, Madrid, Barca. Wani zai lissafo maka 'yan wasan kulob ɗinsa har da na benci, ya gaya maka nawa aka sayo kowa. To sai ka ce masa, a jihar Kaduna fa, wace ƙungiya kake yi? A nan za ka ga ana kallon-kallo.

Kuma fa ba don jihar ba ta da tarihi ba ne. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin masu kofuna ta Afirka a 1988, inda Bizerte ta Tunisiya ta doke ta. A 1989 ta ɗauko kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. Kaduna United ta ci Kofin Ƙalubale a 2010, Enyimba ta doke a wasan ƙarshe. Ku tambayi iyayenku, akwai lokacin da filin wasa na Ahmadu Bello yake cika saboda ƙungiyar gida. To ina mutanen suka tafi? Ni a ganina ba guduwa suka yi ba, zawarcinsu aka yi aka tafi da su, masu gida na barci.

Bari mu bi sawun kuɗi, don shi ba ya ƙarya. 'Yan ɗaruruwan da kake miƙawa a ƙofar gidan kallo, mai gidan zai cire na fetur, ya cire nasa, sauran ya biya kuɗin wata na DStv. Kamfanin da ke da DStv shi kuma yana biyan masu gasar Firimiya maƙudan kuɗi don a ba shi izinin nuna wasanni a Afirka. Masu gasar sai su raba wa kulob 20 da ke cikinta. Kun ga ke nan, daga bencin nan namu akwai hanya miƙaƙƙiya har zuwa albashin ɗan wasa a Landan. Kuma kada wani ya ce ai namu bai taka kara ya karya ba. A zagayen yarjejeniyar da ya fara a 2022, kuɗin da gasar Firimiya ta samu daga nuna wasanni a ƙasashen waje ya zarce wanda ta samu a cikin Ingila, karo na farko a tarihinta. Mu na waje mun zama babbar kasuwa.

Wani zai ce, ni rigar Arsenal ɗin da na saya a kasuwa ai jabu ce, ko kwabo bai je musu ba. Gaskiya ne. Amma ka zama allon talla mai yawo, kyauta. Sunan kamfanin da ke ƙirjin rigar, da wanda ke hannunta, kai kake zagaya gari da su. Da kulob zai zauna da kamfani a yi ciniki, abin da yake ɗorawa a kan tebur shi ne yawan idanun da ke kallonsa da yawan masu bin shafukansa. Idonka yana cikin lissafin.

Kuma da gangan suke neman mu. Nwankwo Kanu ya je Arsenal a 1999, ya ja musu ɗimbin 'yan Najeriya, har yau 'ya'yan waɗancan magoya bayan Arsenal suke yi. Mikel Obi ya je Chelsea a 2006, aka sake yin wani rububin. A 2008 Man United da kanta ta zo Abuja ta buga da Portsmouth. A Disamban 2017 masu Laliga suka sa wasan Madrid da Barca da ƙarfe 1 na rana, don mutanen Asiya su samu kallo kafin su kwanta. Ku duba fa, wasa mafi girma a Sifaniya aka matsar da lokacinsa saboda ɗan kallon da ke wata nahiya. Wannan shi ne sanin darajar mai saye.

To na san abin da wasunku za su ce: malam, ƙwallonsu ta fi tamu kyau, shi ke nan. Ban musa ba, ta fi. Fili ya fi, kyamara ta fi, alƙalanci ya fi tsabta. Amma in kyau kaɗai ne ke kawo magoya baya, ku bayyana min Kano Pillars. An kafa ta a 1990, ta ci gasar Najeriya sau 4, a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a wasannin lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya tarihin. Bakanon da ke cika filin Sani Abacha a Ƙofar Mata yana ihun "Sai Masu Gida", shi ma fa yana da kulob ɗinsa a Turai, kuma yana da gidan kallo a unguwarsu. Me ya sa yake zuwa? Saboda wannan tasa ce. Yana iya haɗuwa da Rabi'u Ali a hanya su gaisa. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Pillars kafin ya tafi Turai a 2010, kuma da ya dawo ya sa rigar a 2021, yana kyaftin ɗin Super Eagles, ƙasar nan gaba ɗaya ta juyo tana kallon gasar gida. Abin da Man United ba za ta taɓa iya sayar maka ba ke nan, komai kuɗinta: a ce ɗan unguwarku ne a fili.

Amma ita ma Pillars darasi ce ta wani ɓangaren. Taro daban, ciniki daban. Ƙungiyar gwamnatin jiha ce, kamar yawancin ƙungiyoyinmu na Arewa, irin su Katsina United da Wikki Tourists da El-Kanemi. Ƙungiyar da albashinta ke fitowa daga kasafin gwamnati, ko ɗan kallo ya zo ko bai zo ba za a biya, ko kuma a ƙi biya. Wanda ake lallashi shi ne mai sa hannu a takarda, ba mai sayen tikiti ba. Sannan mu ma magoya baya muna da namu laifin. Duk ranar da aka yi jifa a fili, ko aka tare alƙalin wasa, hukuma za ta ci tara ta kwashe wasannin gida ta kai wani gari, kamfanin da ke tunanin sa sunansa a riga ya ja da baya, uba kuma ya hana ɗansa zuwa. Pillars ɗin nan, da duk jama'arta, ta faɗa gasa ta biyu a 2022 kafin ta dawo a 2023. A 2025 kuma Barau FC ta hau babbar gasa, gari ɗaya ya samu ƙungiya biyu. Ni ina murna da hakan, don sai da kishiya ake gyara miya.

Ga kuma maganar lokaci. Yawancin wasannin gasarmu ƙarfe 4 na yamma ake take su, galibi ranar Lahadi, daidai lokacin da manyan wasannin Ingila ke kan allo. Kamar mai shayi ne ya kafa tebur a ƙofar gidan da ake rabon waina kyauta.

To mu dawo gida. Mu a Birnin Gwari akwai abin da ya ƙara nisanta mu da ƙwallon jiharmu, kuma kowa ya san shi. Tsakaninmu da Kaduna sama da kilomita 100 ne, ta Udawa da Buruku, kuma an yi shekaru wanda zai bi hanyar nan sai ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai dawo ba. Wa zai sa ransa a hanya don ya je kallon ƙwallo? A shekarun nan, wasan da ya iya tsallake dajin ya iso mana shi ne wanda ke saukowa ta tauraron ɗan'adam. Yaran da suka taso a lokacin sun san filin Emirates ta allo fiye da yadda suka san filin Ahmadu Bello. Ba laifinsu ba ne.

A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, gwamnatin jiha ta sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Allah Ya ɗorar da zaman lafiyar, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Abin lura shi ne, da hanya ta ɗan samu, fatake ba su jira an aika musu goron gayyata ba, manyan motoci suka dawo ɗaukar shanu da masara. Mai neman kasuwa shi ke zuwa inda take. To masu ƙungiyoyin ƙwallon jihar nan fa?

A farkon 2025 aka sanar cewa Sadiq Umar, ɗan Kaduna da ya yi suna a Laliga, ya shiga cikin masu mallakar Ranchers Bees. Mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da kulob a Sifaniya, ina fata zai kawo ilimin gida. In da za su ji ta bakina, shawarata ba mai tsada ba ce. Ku ɗauko ƙungiya ku zo ku buga wasan sada zumunci da zaɓaɓɓun 'yan wasan ƙaramar hukumar nan. Ku turo masu farautar 'yan wasa lokacin gasar unguwanni. Yaro ɗaya kuka ɗauka daga Kakangi, kun samu garin gaba ɗaya, kamar yadda Kanu ya yi wa Arsenal. Ku yi riga mai kyau a farashin da ɗan acaɓa zai iya saya. Ku riƙa magana da mu da Hausa a Facebook da TikTok, kullum, ba sai ranar wasa ba. Ku ɗauki wasanninku ko da waya ce ku saka kai tsaye, ku haɗa kai da masu gidajen kallo su riƙa nunawa kafin a fara na Turai. Masu gidajen kallon nan su ne dillalan ƙwallo na gaskiya a ƙasar Hausa, kuma kusan ba mai neman su.

Mu kuma, ban ce kowa ya bar kulob ɗinsa ba. Ni ma ina da nawa, kuma daren gasar zakarun Turai ba na ɗaga waya. Zuciya tana ɗaukar biyu. Amma ku tuna da ƙaninku da ke murza leda ba takalmi a filin firamare. Arsenal ba za ta zo Birnin Gwari ta gan shi ba. Tsaninsa na farko ƙungiyar gida ce, daga ta unguwa zuwa ta jiha, kamar yadda Ahmed Musa ya bi ta Pillars. In tsanin nan ya ruɓe saboda ba mai kallo, ba mai saye, abin da ya rage masa shi ne 'yan damfarar da ke karɓar kuɗin gonar uba da sunan za su kai yaro gwaji Turai.

Don haka in an sa wasan unguwa, a je, a biya na ƙofa ba tare da neman alfarma ba. In an ci mu, a tafi gida lafiya, ba jifa. In ƙungiyar jiha ta fitar da riga, wanda Allah Ya hore wa ya saya.

Ina son jin ta bakinku: in Ranchers Bees ko Kaduna United ta zo garin nan ranar da Man United ke wasa da Liverpool, tsakani da Allah ina za ku? Ku faɗi gaskiya, ba mai cin ku tara. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.