Baƙo Mara Lafiya da Hanyar Zuwa Babban Asibiti

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganar yau ta baƙi ce, watau mutanen da suka sauka cikin gunduma ba da daɗewa ba, da abin da ya wajaba a yi musu idan ciwo ya kama su, ya kuwa fi ƙarfin ɗakin shan magani na ƙauye.

Kowane Hakimi ya san baƙi sun yawaita a wannan zamani. Akwai 'yan cin rani da masu neman gona, akwai makiyaya, akwai ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki. Akwai kuma waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu, daga Barno da Yobe tun shekarar 2009, daga baya kuma daga Zamfara da Katsina da Sakkwato. Waɗansu ma daga ƙetaren iyaka su ke, Nijar ko Chadi ko Kamaru. Ɗan gari in ciwo ya tsananta yana da mai nuna masa hanya. Baƙo kuwa bai san ƙofar da zai nufa ba, sau da yawa ba ya jin harshen wurin, ga kunya, ga tsoron kada a tambaye shi takardar da ba shi da ita. Sai ya kwanta a ɗaki, ko ya ƙarar da ɗan guzurinsa wajen masu tallan magani, har lokacin ceto ya wuce. Da ɗan gari a kan ci gari, babu kuwa ɗan garin da ya kai Hakimi da Dagatansa da masu unguwanni.

Hawa uku na asibiti

Asibitocin Gwamnati a Nijeriya hawa uku ne. Na ƙasa shi ne asibitin sha-ka-tafi da ɗakin shan magani, inda a ke awon ciki da rigakafi da maganin zazzaɓi da gudawa. Na tsakiya shi ne babban asibiti na Gwamnatin Jiha, inda a ke kwantar da mutane, a yi tiyata, a ƙara jini. Na sama su ne asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na Tarayya, kamar na Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Sakkwato, Maiduguri, Jos da Bauchi. Can ne ƙwararrun likitoci su ke, waɗanda kowannensu ya ƙware kan fanni guda.

Ban da waɗannan akwai asibitocin da aka keɓe wa ciwo iri ɗaya, ya kamata kowane malamin Hakimi ya san su da ka. Na ƙashi yana Dala a Kano, tun 1959. Na ido da na kunne suna Kaduna. Na masu taɓin hankali akwai a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Na yoyon fitsari akwai a Babbar Ruga ta Katsina da kuma Ningi. Asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin baki da fuska, yana Sakkwato, na saran maciji kuwa yana Kaltungo.

Ƙa'ida ita ce mara lafiya ya fara daga hawa na ƙasa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, su ne za su tura shi gaba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 17, ta ɗora wa kowane asibitin Gwamnati wannan nauyi: in ba zai iya ba da maganin da a ke bukata ba, tilas ne ya miƙa mara lafiya ga asibitin da zai iya.

Takardar turawa

Ba a tura mutum da baki kawai. Malamin asibiti ko likitan da ya duba shi zai rubuta takarda, ya sa sunan mara lafiya da shekarunsa, da abin da aka gani, da awon da aka yi, da maganin da aka riga aka ba shi, da dalilin turawa, da sunan asibitin da zai nufa. Sa'an nan ya sa hannu da kwanan wata.

Amfaninta babba ne. Likitan can zai ɗora daga inda aka tsaya, ba sai an sake kashe kuɗi kan awon da aka riga aka yi ba, kuma ba za a ba mutum maganin da zai yi karo da wanda ya ke sha ba. Wanda ya tafi hannu banza sai ya bi layin kowa da kowa, wataƙila ya kwana biyu ko uku a gindin bishiya kafin ya san sashen da ya kamace shi. Daɗin daɗawa, ƙwararrun likitoci ba kullum su ke zama ba, kowane sashe da ranarsa. Saboda haka a tambayi ranar tun kafin a biya kuɗin mota, matambayi ba ya ɓata. A tafi da katin asibiti, da hoton da aka ɗauka, da kwalayen magani. In an sallami mutum, ya roƙi a rubuta masa amsa ya komar wa asibitin da ya tura shi, domin su ne za su ci gaba da lura da shi.

Takardar Hakimi ba ta maye gurbin wannan. Tata daraja daban ce: shaida ce cewa wannan baƙo yana zaune a gunduma kaza, an san shi, kuma ga halin da ya ke ciki.

Abin gaggawa ba ya jiran takarda

Akwai halin da jira a cikinsa halaka ne: mace ta wuni tana naƙuda ba ta haihu ba, ko jini ya ɓalle mata, ko jijjiga ta kama ta, yaro yana suma ko ya kasa kama nono, saran maciji, haɗarin mota, harbin bindiga. Doguwar naƙuda ita ce babban sanadin yoyon fitsari, sau da yawa kuma jaririn ba ya rayuwa. A irin wannan hali sai a nufi asibiti mafi kusa da zai iya aikin, ko da tsakar dare ne.

Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mutum a halin gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Dokar mutum ta ambata, ba ta ware ɗan gari ko ɗan ƙasa ba. Har ila yau dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara magani.

Haƙƙin mara lafiya

Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so cikin ƙasa, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa ko ƙabilarsa ko addininsa. Takardar shaidar asali, wadda Dagatai da Hakimai suka saba sa wa hannu, ba sharaɗin ganin likita ba ce.

Wajibi ne a bayyana wa mara lafiya abin da ke damunsa, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da ya ke ji, gwargwadon fahimtarsa. Yana da ikon ya ƙi, bayan an gaya masa abin da ƙin zai jawo. Kada kowa ya dangwala yatsa kan takardar tiyata sai an fassara masa ita. Asirinsa kuma a rufe ya ke, ba a buɗe shi sai da yardarsa, ko da umurnin kotu ko na doka, ko in ɓoyewar za ta cuci jama'a. Nan malaman Hakimai su yi hattara: in baƙo ya kawo takardar asibiti a karanta masa, a keɓe da shi, kada a karanta ta a zaure gaban fadawa.

A watan Yuli 2018 ba a ƙirƙiro sabon haƙƙi ba, sai dai Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takarda guda da ta tattara haƙƙoƙin mara lafiya wuri ɗaya. Wanda aka wulaƙanta yana da ikon kai ƙara, da farko wurin shugaban asibitin, sa'an nan Ma'aikatar Lafiya ta Jiha. In laifin na likita ne cikin aikinsa, akwai Majalisar Likitoci ta Ƙasa. Shi ma mara lafiya akwai abin da ke kansa: ya faɗi gaskiyar ciwonsa har da maganin gargajiyar da ya sha, ya girmama ma'aikata, ya biya abin da ya wajaba.

Batun kuɗi

Kada a yaudari baƙo da cewa kome kyauta ne. Kati da awo da gado da yawancin magani na kuɗi ne. Amma maganin tarin fuka da na kuturta da na cuta mai karya garkuwar jiki kyauta a ke ba da su a asibitocin Gwamnati. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya na farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta kafa asusu domin marasa ƙarfi. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na Jihohi ne ke rubuta sunaye. Wanda ke cikin wannan shiri, lalle ya bi ta asibitin da aka rubuta shi, in ya tsallake sai kuɗin ya faɗa kansa. A asibitocin koyarwa kuma akwai ofishin jin daɗin jama'a mai duba halin wanda ya gaza, nan ne takardar Hakimi ta ke da nauyi.

Aikin Hakimi

Abin da a ke nema ga kowace gunduma ba mai wuya ba ne. Mai unguwa ya sanar da Dagaci saukar kowane baƙo, a nuna masa asibiti tun yana da lafiya, a kai matarsa awo da 'ya'yansa rigakafi. Malamin Hakimi ya ajiye littafi mai sunayen asibitoci da ranakun likitoci da lambobin waya. A shirya da direbobin tasha tun da wuri, a san wanda za a tasa da dare. A samu masu ba da jini, domin baƙo ba shi da dangin da za su ba shi. A haɗa shi da tafinta amintacce, mace ga mace in ya yiwu. A kuma yi wa magidanta nasiha su bar izini a gida, kada mace ta halaka tana jiran miji ya komo daga tafiya.

An ga abin da Sarakuna ke iyawa. Tun da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ƙaddamar da kwamitin Sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, Hakimai da Dagatai suka bi gida gida kan rigakafin shan inna, har a watan Agusta 2020 aka ba da shaidar cewa ƙwayar cutar ta daji ta kau daga Nijeriya, ko da ya ke rigakafi bai ƙare ba. Wannan hanya da ta kai allura kowane lungu ita ce za ta kai baƙo ga likita.

Duk wanda ya kwana cikin gunduma amana ne a hannun Hakiminta, ko jiya ya sauka. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba ƙasa zaman lafiya, amin.