Gaya Wa Likita Gaskiyar Ciwonka



Tun shigar Boko Haram Mubi a 2014, da bama-baman da suka tashi a masallatai a 2017 da 2018, muna da 'yan'uwa da suka rasa ƙafa, ko ido, ko ji. Ga kuma masu shan inna. Dokar naƙasassu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su ilmi kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Amma fa jami'i takarda yake dubawa, kuma mafarinta rahoton likita ne.

To, a nan muke cutar kanmu. Likita ya ce, "Malam, yaya jiki?" sai mu ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Godiya ga Allah wajibi ce, amma likita abin da ya ji ya gani shi zai rubuta. A gaya masa dalla-dalla: ba na iya tsayuwa a sallah, ba na iya ɗaukar kaya a kasuwa.

A je asibitin gwamnati da tsohon kati da hoton ƙashi, tare da ɗan rakiya mai karatu. A tabbatar an sa hannu an buga hatimi, a ajiye kwafi a gida. Kada a sayi takardar jabu wurin 'yan baranda. Laifi ne, kuma cin haƙƙin mabuƙata ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.