Jawabi A Kan Hutun Haihuwa Da Hutun Shekara: Kada Ɗaya Ya Cinye Ɗaya



Jawabin wannan wata a kan mata masu aikin albashi ne. Akwai gidaje a Kware, da Wamakko, da Boɗinga, da Dange, waɗanda 'yarsu ko surukarsu ke aiki a cikin birnin Sakkwato. Wata tana shara a asibiti. Wata tana dafa abinci a makarantar kuɗi. Wata tana kamfani, wata tana ofishin gwamnati. Albashin nan nata yana taimakon gida.

To, idan mace irin wannan ta sami juna biyu, tambayoyi uku sukan taso. Kwana nawa za a ba ta ta huta? Za a biya ta albashi? Hutunta na shekara fa, yana nan ko ya tafi? Amsar ta danganta ga inda take aiki.

Hutu iri biyu ne

Hutun shekara na kowane ma'aikaci ne, namiji ko mace. Ana ba da shi don mutum ya huta gajiyar aiki. Hutun haihuwa kuwa na mai ciki ne da mai jego. Ana ba da shi don lafiyar uwa da ta jariri. Kowanne da dalilinsa.

Abin da Dokar Ƙwadago ta ce

Nijeriya tana da Dokar Ƙwadago tun shekarun 1970. Ita ce ke kare ƙananan ma'aikata a kamfanoni, da wuraren ciniki, da manyan gonaki.

Sashe na 54 na dokar ya yi maganar haihuwa. Idan likita ya ba mace takarda cewa za ta haihu nan da mako 6, tana da ikon ta ajiye aiki ta zauna gida. Bayan ta haihu kuma, ba a yarda a sa ta aiki ba sai ta cika mako 6. Duka ya zama mako 12. Mako 6 kwana 42 ke nan, wato arba'in ɗin wankan jego da ƙarin kwana biyu.

Idan ta yi wata 6 tana aiki a wurin ba yankewa, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun. Ga misali, mai ɗaukar naira 70,000 a wata ba za a ba ta ƙasa da naira 35,000 ba. Haka kuma ba a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Idan ta koma aiki tana shayarwa, za a ba ta rabin awa sau biyu a yini ta ba jariri nono.

Sashe na 18 shi ya yi maganar hutun shekara. Wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki, da cikakken albashi. Wasu wuraren suna ba da fiye da haka, amma ba a yarda a ba da ƙasa da haka ba.

Ana iya ɗage hutun shekara

Ga inda ya kamata a saurara da kyau. Dokar Ƙwadago ba ta ce hutun haihuwa ya cinye hutun shekara ba. Ta kuma yarda a ɗage hutun shekara zuwa gaba, idan ma'aikaci da mai wurin aiki sun amince. Amma da iyaka. Ba za a bar mutum ya wuce wata 24 yana aiki bai sami hutunsa ba.

Wato macen da ta haihu a ƙarshen shekara, ba ta riga ta ɗauki hutun shekara ba, tana iya neman a ɗage mata shi zuwa baɗi. Tana kuma iya neman a jona mata shi a bayan hutun haihuwa, ta sami ƙarin kwanaki tare da jaririnta. Sai dai amincewar nan ta zama a rubuce. Alkawarin baki yana da saurin mantuwa, musamman idan an canja shugaba.

Wani abu kuma, doka ta hana a ba ma'aikaci kuɗi a maimakon hutu muddin yana kan aikinsa. Sai in ya bar aikin ne ake lissafa masa kuɗin hutun da yake bi.

Dokar ba ta haɗa da kowa ba. Matar da ke aiki a gonar mijinta ko a shagon gidansu ba ta ciki. Manyan ma'aikata da ƙwararru su ma ba su ciki. Su takardar ɗaukar aikinsu ce za a duba.

Aikin Gwamnatin Tarayya daban yake

Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suna da littafin ƙa'idojinsu. Ƙa'idojin 2008 sun ba mai ciki mako 16 da cikakken albashi. Da aka sake duba su a 2021, sai aka mai da hutun kwana 112 na aiki. A shekarar 2021 ɗin ne kuma gwamnati ta amince a ba magidanci hutun kwana 14 idan matarsa ta haihu.

Amma ƙa'idojin 2008 sun zo da sharaɗi. Sun ce hutun shekara na wannan shekarar yana cikin hutun haihuwa. Idan kuwa mace ta riga ta ɗauki hutun shekara kafin haihuwa, to, za a cire kwanakinsa daga cikin hutun haihuwa a ƙi biyan su. Sun kuma ce hutun da ba a ɗauka ba har shekara ta ƙare ya faɗi, sai in hukuma ce ta ɗage shi.

Ga misali. A ce wata ma'aikaciya tana da hutun shekara na kwana 30. A watan Maris, da ƙaramin ciki, ta ɗauke shi duka ta tafi bikin ƙanwarta a Gwadabawa. A watan Satumba ta haihu. A bisa wannan sharaɗi, kwana 30 daga cikin hutun haihuwarta ba albashi. Kusan albashin wata guda ke nan ya tafi, daidai lokacin da ake neman ragon suna, da itacen wanka, da kunun kanwa. Da ta tambaya tun farko, da ba ta yi wannan hasara ba.

Jihohi kuma kowace da tsarinta. Jihar Legas ta mai da hutun haihuwa wata 6 a 2014. Jihar Kaduna ta yi haka a 2019. Wata 6 ɗin nan ya dace da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a ba jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6. Maƙwabta na Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, dokarsu ta ba da mako 14. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ita ma mako 14 ta tsayar a yarjejeniyarta ta shekarar 2000. Mai aiki da Jihar Sakkwato ko ƙaramar hukuma sai ta je ofishin kula da ma'aikata, ta nemi a nuna mata ƙa'idar a rubuce.

Abin da mai ciki za ta yi

Na ɗaya, ta riƙa zuwa awo. Takardar likita ce mabuɗin hutun. A Sakkwato akwai Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Na biyu, kada ta taɓa hutun shekara sai ta tambaya ko za a haɗe shi da na haihuwa.

Na uku, ta rubuta takardar neman hutu da wuri. Ta sa ranar tafiya da ranar dawowa. Idan tana son a ɗage mata hutun shekara, ta rubuta haka a ciki.

Na huɗu, ta ajiye kwafin kowace takarda a gida, har da takardar ɗaukar aiki. Kada ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta karanta ba. In karatun bai yi ƙarfi ba, ta nemi wanda ta amince da shi ya karanta mata.

Na biyar, idan an danne mata haƙƙi, ta fara kai kuka wurin ƙungiyarsu ta ma'aikata. In abin ya gagara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Sakkwato. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a cikin birnin.

Iyaye da mazaje su ma da nasu aikin. Idan haihuwar fari ce, kuma za a kai yarinya gidan iyayenta wanka, a lissafa kwanakin tun da wuri, kada ranar komawa aiki ta wuce tana ƙauye. Wadda ta wuce ranarta ba izini, ta ba da ƙofar a hukunta ta. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa. Amin.