Kafin mu haɗa kuɗin bindiga

  

Da aka ce ni zan yi magana yau, na ce wa shugaban zama ya sake tunani. Ni ba malami ba ne, ba likita ba ne, ba jandarma ba ne. Gyaran waya nake yi a wata rumfa kusa da Kasuwar Dole, shekara goma sha ɗaya ke nan. Sai ya ce ai shi ya sa. To shi ke nan. Ra'ayina zan faɗa, irin wanda ake faɗa a fada in an zuba shayi na biyu. Wanda ya ga na kauce, ya riƙe tasa har in gama.

Watan jiya an sace babur uku a unguwarmu cikin mako biyu. Ɗaya na wani ɗan kabu-kabu ne da bai ma gama biyan kuɗinsa ba, yana da mata da yara biyu. An kai ƙara inda ya kamata, har yau shiru. Ana cikin haka sai ga murya ta shigo WhatsApp, wani yana rantsuwa cewa an gano ɓarawon, ya faɗi sunansa da layin gidansu, ya ce duk wanda ya gan shi kada ya jira kowa. Ina cikin kwance wata waya na saurara, ban yi wani tunani ba na tura ta zauren masu sana'armu, mutum tamanin da wani abu. Sai da yamma hoton ya biyo baya, na duba, gabana ya faɗi. Na san yaron. Wata huɗu ke nan yana wurin haƙar zinari can arewacin Agadas, ni da hannuna na sa masa sabon batir ranar da zai tafi. Kwana biyu uwarsa ba ta fita ko ɗebo ruwa ba, ƙanensa kuma aka tare shi a hanyar makaranta aka farfasa masa baki.

Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka na zo yi wa mutane wa'azi daga sama. Ina cikin waɗanda suka tura.

Ni waya abincina ce, ba zan tsaya nan in zage ta ba. Na ga tsohuwar da ɗanta ke Libiya shekara uku, ba ta karatu ba ta rubutu, amma kullum da safe tana jin muryarsa. Na ga manomin Matamaye da ke tambayar farashin wake a Kano kafin ya ɗaure buhu. Kuɗin da a da sai an ba direban mota amana, yanzu ta Nita ko Al Izza yana isa kafin ka koma gida. Amma akwai abin da na lura da shi a rumfa. Mu mutanen murya ne. Kamfanin WhatsApp, bayan an kashe mutane a Indiya a 2018 kan jita-jitar satar yara, ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya kuma sa wata alama a kan saƙon da ya yi yawo da yawa. To alamar nan rubutu ce, da Faransanci ko Ingilishi, ƙanana-ƙanana. Cikin masu kawo mini gyara, mutum nawa ne ke karanta ta? Abin da kunne ya ji shi ne labari, balle in mai maganar ya fara da bisimilla ya ƙare da wallahi tallahi.

Kuma ku sani akwai doka. Tun 2019 ƙasar nan ke da dokar laifukan intanet. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna, a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi. Ni ina da ƙorafi a kan yadda irin dokar nan ke saurin samun ɗan jarida fiye da yadda take samun mai haɗa husuma a unguwa, wannan maganar wata rana ce. Amma wanda ya tura murya irin wadda na tura, ya san gidan kaso ba ya tambayar ko kai ka ƙirƙira.

Yanzu ga abin da ya sa na yarda na zo. Bayan satar nan an yi zama a ƙofar gidan wani dattijo, aka ce kowane magidanci ya kawo jika biyar. Za a kafa ƴan sintiri, wannan ba laifi. Amma wasu suka ce sanda da gora sun daina aiki, a nemo bindiga ko da guda ɗaya ce, ai an san hanyar da ake bi. Ni ban ba da nawa ba tukuna, kuma na san ana cewa rowa ce.

Wani ƙanena a fada ya ce mini: “Yaya, a Amurka kowa da bindigarsa, shi ya sa ba a raina su.” A bidiyo ya gani. Gaskiya ne tsarin mulkinsu ya ba su wannan dama tun 1791. Amma bidiyon bai nuna masa garin Uvalde ba, inda a watan Mayu na 2022 wani saurayi ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare da bindigar da ya saya bisa doka, ya kashe yara 19 da malamai 2. Ba ma sai mun haye teku ba. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Ku tambayi ƴan'uwanmu na Madarumfa da Gidan Rumji da ke kan iyaka ko an daina satar mutane daga ranar. Kafin nan ma ƴan sa-kai aka kafa a can don maganin ɓarayin shanu, aka wayi gari ana kashe mutum a kasuwa saboda kamanninsa, waɗanda aka kashe wa iyaye suka shiga daji. A Banibangu, watan Nuwamba na 2021, magajin gari da kansa ya ja ƴan banga suka fita, mutum 69 ba su dawo ba. Ban raina jaruntarsu ba, Allah ya jiƙansu. Amma wanda kake shirin tarewa da bindiga ɗaya, in ya ji kana da ita, da biyar zai dawo.

Manyanmu da ke nan sun tuna Toda, 1991, a jihar Maraɗi. Fiye da mutum ɗari, yawanci mata da yara, kan rikicin manoma da makiyaya. Wancan fa da adda da wuta aka yi shi, kuma babu WhatsApp. Ku ɗora murya irin ta watan jiya a kai, ku ɗora bindiga.

Akwai mai ce mini ai Damagaram gidan bindiga ce tun asali. Haka ne. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ja ganuwar Birni, a garin nan aka riƙa haɗa albarushi ana zuba igwa, har maƙwabta suna shakkarmu. Marigayi André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin. Sai dai bindigogin nan na sarki ne, a hannun dakarunsa suke, akwai mai ba da umarni akwai mai amsa tambaya. Ba a raba su layi-layi ba. Kuma in za mu faɗi gaskiya, ƙauyukan da aka kai wa hari aka kwaso bayi ba su tuna igwar nan da alfahari irin namu.

Tambayar da na yi a zaman, wadda ba a ba ni amsa ba, ita ce: wa zai riƙe ta da dare? Alhaji ba zai kwana a waje ba. Ni ma ba zan kwana ba, da safe ina da rumfa. Samari za a ba. To me ke hana saurayi barci daga sha biyun dare zuwa kiran assalatu, bayan ya wuni yana tura baro ko yana kan babur? Kowa a nan ya san amsar, ba a dai son faɗa a gaban manya. Tramol.

A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri, don abin ya shiga gidanmu. Tramol magani ne na gaskiya, na ciwo mai tsanani. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a wuni. Wanda ake sayarwa a tire da bakin tasha 200 ne, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Yawancinsa daga Indiya ake yo shi, ya sauka a tashoshin ruwa na bakin teku, ya hauro mana. Ɗan yayata ya fara da rabi, lokacin yana aikin bulo, don a cewarsa in ya sha ba ya jin nauyin siminti. Cikin shekara guda ya kai huɗu a rana. Ranar da ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa, mata suka ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Wani ma'aikacin lafiya maƙwabcinmu ne ya ja ni gefe ya ce: “Malam, wannan ba aljani ba ne, ƙwaya ce ke kawo farfaɗiya in ta yi yawa.” Ya kuma gargaɗe mu kada mu ɗaure shi mu ce ya daina rana ɗaya, a kai shi a rage masa sannu a hankali. Wata bakwai muka yi. Yanzu alhamdulillahi yana rumfata yana koyon aiki, amma har yau hannunsa na rawa in ya riƙe ƙaramin sukurudireba.

Abin da na koya shi ne yaron nan ba don nishaɗi ya fara ba. Aiki ne ya fi ƙarfin jikinsa, kuɗin kuma bai kai ya ci abinci mai kyau ba, ƙwaya ta fi kwanon shinkafa araha. Mu da muke ba da aikin gini muna cewa a gama yau-yau, mu ma muna da hannu. Ana kamawa, muna ji a rediyo OCRTIS ta kama kaza, an ƙona kaza. Madalla. A Najeriya ma da BBC ta fitar da binciken kodin a 2018, cikin kwanaki gwamnati ta hana maganin tarin. Masu sha ba su ɓace ba, wani abin suka koma. Muddin akwai mai neman abin da zai kashe masa gajiya, mai tire zai samo sabon suna da sabon kwali.

To shi ne nake cewa, yaron da idonsa ya yi ja, kwana biyu bai runtsa ba, a wayarsa akwai hoton wanda aka ce ɓarawo ne, shi za mu miƙa wa bindiga ƙarfe biyun dare?

Wasu iyayenmu sun ce duk fim ne ya lalata yara, da waƙa, da TikTok. Ban yarda duka ba, ban kuma ƙi duka ba. Ni ina kallon Labarina, matata ba ta yarda a taɓa tele in ana Daɗin Kowa, ba mu zama ƴan daba ba. Garin Ma'azu Ɗan Alalo, garin wasan kara da hawan ƙaho, inda ake cika filin kokowa na Langa-Langa tun hantsi, ba za a ce masa nishaɗi baƙon abu ne ba. A wasan kara har gwamna ake kwaikwaya a gabansa yana dariya. Abin da ya canza, a da tare ake kallo, babba na kusa, in an wuce gona da iri ya yi gyaran murya. Yanzu kowa da allonsa a cikin bargo. Kuma gaskiya ne ƴan pale sun ɗauko sunaye da shiga daga finafinan waje. Amma wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky, ɗiyar garin nan, wanda ta fitar a 2021 ta sa masa suna Zinder, ya ga samarin Kara-Kara da idonsa: masu ɗaga ƙarfe, masu fasa dutse, masu jigilar ruwa-ruwa daga kan iyaka. Unguwar da tun farko aka ware wa kutare, aka bar jikokinsu ba makaranta ba takardar haihuwa. Na san akwai waɗanda suka ji haushin fim ɗin, suka ce ta tona mana asiri a gaban Turawa. Ni kuwa kunya na ji, don an haife ni a garin nan, amma sai a allo na fara ganin cikin gidajen Kara-Kara.

Ga abin da na kai wa dattawan unguwa, na kuma kawo muku ku duba. Jika biyar ɗina tana nan, zan ma ƙara. A sayi fitilu masu aiki da hasken rana a kafa a lunguna huɗun da aka yi satar, ni zan haɗa su kyauta. A sayi usur da tocila. Ƴan sintiri a rubuta sunayensu a kai wa mai unguwa da hukuma, a yi musu kwana-kwana yadda ba wanda zai yi dare biyu a jere, kuma kowane dare a samu magidanci ɗaya a cikinsu, ni na ɗauki daren Talata. Wanda aka kama, hukuma za a kai shi da ƙafafunsa. Ɗan kabu-kabun nan kuma a cire masa wani abu daga cikin kuɗin, don mai babur bai daina zuwa karɓar nasa ba.

Sauran magana ɗaya. Ranar Juma'a bayan la'asar zan je gidan uwar yaron nan in ba ta haƙuri, in kuma yi murya da bakina in tura zauren da na tura waccan. Na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda ta biyo ta wayarsu ta wuce gaba. Ba zan kira suna ba. Zan tsaya a bakin rumfata har ƙarfe huɗu da rabi, wanda zai raka ni ya same ni a can.