Ƙaiƙayi da ƙuraje bayan tarewa: jawabin kwamitin lafiya a taron cikar shekara

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin wannan rana. An karanta mana lissafin adashi da ribar hatsi, Alhamdu lillahi. Mu a kwamitin lafiya maganar da muka zo da ita mai nauyi ce a baki, sai a yi haƙuri da mu. Mun nemi a buga ta a takardar nan ne don maigida ma ya karanta, domin rabin maganar tasa ce.

Ga yadda abin yake zuwa. Yarinya ta tare, ko bazawara ta yi sabon aure, ko an yi wa mace amarya. Bayan sati biyu ko wata guda sai ƙaiƙayi a gaba, ko ruwa mai wari, ko ƙuraje a jiki. Nan da nan gida ya rabu biyu: dangin miji su ce amarya ce ta zo da shi, dangin amarya su ce uwargida ce ta yi sammu. Duk mun san gidan da aure ya mutu a kan haka, ba wanda ya je asibiti ko sau ɗaya.

Mu dai komai sai mu ce "sanyi", alhali cututtuka ne daban-daban, kowanne da maganinsa. Farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da ƙaiƙayi, yawanci ba daga namiji ake ɗauka ba; juna biyu na kawo shi, ciwon suga na kawo shi, yawan shan kafso ma haka. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, a tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu, sau da yawa ƙazuwa ce, shimfiɗa ɗaya ta isa a ɗauka. Takan yi sati 4 zuwa 6 kafin ta bayyana. Gida duka ake shafa wa magani rana ɗaya, a wanke zannuwa da ruwan zafi a shanya a rana.

Sannan akwai wanda mu da kanmu muke jawowa. Gyaran amarya ba mu ce a bari ba, amma matsin da ba a san abin da aka haɗa ba, da miski, da wanke ciki da sabulu mai ƙamshi, suna ƙona fatar wurin. Fatar da ta saɓule kuwa ta fi saurin karɓar cuta.

Wanda muke so a tsaya a kansa shi ne tunjere, don shi ne mayaudari. Kamar sati 3 bayan saduwa sai gyambo ɗaya ya fito a gaba ko a baki, ba zafi, ba ƙaiƙayi. A jikin mace yakan ɓuya can ciki, ba ma za ta gan shi ba. Cikin sati 3 zuwa 6 ya warke da kansa, sai a ce ai jiƙon da aka sha ne ya yi aiki. Cutar na nan cikin jini. Daga baya sai ƙuraje su fito har a tafin hannu da tafin ƙafa, yawanci ba sa ƙaiƙayi, su ma su baje. Inda ake ganin ɓarnarsa shi ne wajen haihuwa: ɓari a kai a kai, ko a haifi jariri babu rai. Abin takaici, allurar penisilin ce maganinsa, kuma ana iya yi wa mai ciki. Shi ya sa idan an je awo, a tambaya ko an yi gwajin tunjere.

Ciwon sanyi na ainihi kuwa, mai sa namiji fitsari da zafi da fitar mugunya cikin 'yan kwanaki, a jikin mace sau da yawa shiru yake yi. Yana hawa sama ya toshe hanyar ƙwai, mace ta yi shekaru ba haihuwa, ana ta kai ta wajen masu magani. Ƙananan ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi, masu tafiya su dawo, su kuma wata cuta ce daban. Ba ta fita daga jiki, amma akwai maganin da ke sassauta ta, kuma dole mai ciki ta gaya wa ungozomar asibiti kafin haihuwa.

Wata za ta ce ai an yi mana gwaji kafin ɗaurin aure. Gaskiya ne, a watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da na sikila kafin aure a Jihar Kano, kuma mun yi murna da ita. Amma wannan takardar ba ta ganin ƙazuwa ko ciwon sanyi. Shi kansa ƙanjamau, in sabon kamu ne, gwaji na iya kasa nuna shi, sai an sake bayan wata 3. Wadda kuma aka yi wa fyaɗe, Allah Ya kiyaye, akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma sai an fara cikin awa 72. Kada a tsaya jiran taron dangi.

Iyayenmu maza, ga taku. Garin nan mahaɗar hanya ce, ta Zariya da ta Jos, da yawanku kuna fatauci ko tuƙi. Ba zargi muke yi ba: mutum na iya ɗauke da cuta tun daga auren da ya gabata bai sani ba, mace ko namiji. Amma in an yi wa mace ɗaya magani aka bar miji da abokiyar zama, cutar zagayawa take yi da rabon kwana, ta dawo inda ta fito. Kowa zai sha magani lokaci ɗaya, a kuma haƙura da shimfiɗa har kwana 7 bayan an gama. Kwana 7 ne fa kawai.

Kafso biyu ja da rawaya daga kemis ko daga mai talla a kasuwa, shi ke sa cutar ta yi taurin kai, har magani na gaske ya zo ya kasa. A je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura babban asibiti, kamar na Tudun Wada ko na Doguwa, ko Asibitin Murtala a Kano. Mai jin nauyi ta ce ma'aikaciya mace take so. Ciwon mara mai tsanani da zazzaɓi, ko jariri da idonsa ke fitar da mugunya a makon farko, wannan ba ya kwana, ranar za a tafi.

Mun san kuɗin mota da na gwaji ne ke tsayar da wasu. Don haka muna roƙon a ware wani abu daga asusun taimako, wadda ta zo ta ce "asibiti zan je" a ba ta rance ba tare da an tambaye ta me ke damunta ba, a littafi kuma a rubuta "lafiya" kawai. Mun miƙa wa Hajiya shugaba wannan buƙata a rubuce, za a kaɗa ƙuri'a a kanta a zaman wata mai zuwa.