Daga Zariya Zuwa Toronto: Abin Da Za Mu Faɗa Wa Ƙannenmu

Malam Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da wannan rana, tare da addu'ar Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya sa na zaɓi yin magana a kan ƙwallon kwando shi ne wani al'amari da ya faru a gidanmu a Dudunni. Akwai ɗan wana, yaro dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure. Wani mutum ya gan shi a Katsina, ya ce idan aka ba shi kuɗin fasfo da na jirgi zai kai shi Turai ya yi wasa. Nan take yaro ya ce shi da aji shida sun yi hannun riga. Da ƙyar muka hana a sayar da bijimi. Tun daga ranar nake tunanin ya kamata mu san yadda wannan sana'a take, domin gobe ƙanen wani ne a cikinmu.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Masai Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi. Mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya. Kamar kowane yaro, ƙwallon ƙafa ya fara yi, sai da ya kai wajen shekara 13 sannan ya koma ƙwallon kwando. A Zariya ya samu horo a hannun wani Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya daɗe yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello. Gwaninsa a lokacin shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas ɗin nan da ya ci kofin NBA da ƙungiyar Houston a 1994 da 1995, wanda kuma aka san shi da yin wasa da azumi a baki cikin watan Ramalana.

To, jama'a, a lura da ƙofar da Ujiri ya bi ya fita: makaranta ce. Ya je Amurka a matsayin ɗalibi, ya yi karatu yana wasa a wata ƙaramar kwaleji da ke Bismarck, a jihar Dakota ta Arewa, inda sanyinta ya fi ƙarfin hunturunmu. Duk da haka bai samu shiga NBA ba. Ƙungiyoyi 30 ne kacal a gasar, kuma sababbin 'yan wasan da ake zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba, daga duniya baki ɗaya. Saboda haka sai ya nufi Turai, ya yi kimanin shekara shida yana wasa a ƙananan ƙungiyoyi a Ingila da Beljiyam da wasu ƙasashe.

Wannan ita ce rayuwar mafi yawan masu wasa a ƙetare, wadda ba a nuna mana a talabijin. Yarjejeniyar kakar wasa ɗaya ake yi da mutum. Idan ya ji rauni a gwiwa, ko aka canja mai horarwa, sai ya ɗaure kayansa ya nemi wani gari. Ga baƙon harshe, ga baƙon abinci, ga kewar gida. Kafin mutum ya kai shekara 35 yawanci jiki ya ce ya gaji, alhali a aikin gwamnati lokacin ne muke fara jin ƙamshin babban mataki.

A 2002 Ujiri ya ajiye wasa. A nan ne ilmi da iya zama da mutane suka yi masa rana. Ya karɓi aikin zaƙulo wa ƙungiyar Orlando matasan 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa, yana kwana wajen abokai. Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ƙungiyar Denver ta ɗauke shi aiki, a 2010 ya zama babban manajanta, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara. A wannan shekarar ya koma Toronto ta ƙasar Kanada, kuma a ƙarƙashin jagorancinsa ƙungiyar ta ci kofin NBA a 2019, karo na farko da kofin ya bar Amurka. Ya rabu da ita a 2025. Bai kuma manta da gida ba: tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ke horar da yara tana gina filayen wasa a ƙasashen Afirka.

Malam Shugaba, ina da shawara biyu. Ta farko, wannan ƙungiya ta duba yiwuwar yi wa makarantarmu filin ƙwallon kwando. Daɓen siminti ne mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, da turaku biyu da kwanduna, bai fi ƙarfinmu ba idan kowa ya kawo nasa. Ta biyu, a sa sharaɗi: duk yaron da ya faɗi jarrabawa ba zai shiga filin ba sai ya gyara. Idan Allah Ya ba wani baiwa, a bi da shi ta hannun malamin wasanni da hukumar wasanni ta jiha, ban da 'yan kan hanya masu neman kuɗin bijimi.

Shi kuwa ɗan wan nawa, ya koma aji, kuma na yi masa alkawarin ƙwallo idan ya ci jarrabawarsa.