Ina Ɗan Sakandare Zai Yi Turancinsa?

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango, wanda malamai da iyalansu suka halarta



Da aka sanya ni yin magana a kan Turancin ɗaliban sakandare, wani abokin aikina ya tambaye ni cikin raha ko me ya kai malamin firamare wannan gona. Amsar da na ba shi da ita zan fara. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alli, goma sha ɗaya daga ciki a aji shida, wato ni ne mai tsayawa a bakin ƙofa yana miƙa yara ga sakandare. Idan shekara shida ta zagayo sakamako ya fito, ni suke tarewa a kasuwa ko a bakin layi, su miƙo takarda suna sunkuyar da kai.

Bara wani yaro ya tare ni haka. Lokacin da yake ajina babu mai kamo shi a lissafi. Ya samu kiredit a darussa bakwai, amma Turanci ya tsaya masa a D7. Mahaifinsa tela ne, ya sake haɗa kuɗi da ƙyar, yaron ya sake zama, aka ba shi E8. Ku da kuke nan kun san ma'anar wannan: kiredit daga A1 yake farawa ya tsaya a C6, kuma ƙa'idar da muka saba da ita ta shiga jami'a ita ce kiredit biyar har da Turanci. Yanzu yana wata rumfa yana yi wa mutane cajin waya. Na zaunar da shi na ce ya faɗa mini rabe-raben kalmomin Turanci guda takwas, ya jero su kamar karatun allo, kowanne da ma'anarsa. Sai na ce to, ba ni labarin yadda ka taso daga gida ka iso nan, da Turanci. A jimla ta uku ya tsaya cak, gumi ya karyo masa.

Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, kuma ba malalaci ba ne. An koya masa bayani a kan Turanci shekara goma sha biyu, amma ba a taɓa ba shi wurin da zai yi Turancin ba. Mu yi lissafi mai sauƙi. A makarantun da na sani, aji mai ɗalibi tamanin ba abin mamaki ba ne, darasi kuwa minti arba'in. Ko da malami zai kulle bakinsa daga farko har ƙarshe, rabon kowane yaro rabin minti ne. Malami kuwa ba ya kulle baki, domin manhaja tana bin sa da gudu. Sai yaro ya yi zango guda bai furta cikakkiyar jimla ta ƙashin kansa ba, in ban da amsa gaisuwar malami tare da jama'a.

Takwaransa na Legas ko Fatakwal yana fita ƙofar makaranta ya faɗa cikin Turanci, ko da gurguwa ne, a mota da kasuwa da wurin wasa. Namu kuwa yana fita Hausa ta karɓe shi. Da ita zai yi ciniki, da ita zai ga likita, da ita zai ji labaran duniya, da ita zai kalli fim. Wannan ƙarfin harshenmu ne, abin alfahari ne kuma, ban zo nan don in yi kuka da shi ba. Sai dai yana nufin cewa abin da titi yake ba wancan yaro kyauta, namu sai an shirya masa shi da gangan.

Mu malaman firamare muna da namu kaso na laifi, gara in faɗa da bakina. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, a da ta tanadi cewa a koyar da yaro da harshensa a shekarun farko, Turanci ya karɓi ragama daga baya. Abin da muke yi a aikace shi ne mu karanta layi da Turanci, mu fassara da Hausa, mu cika allo da rubutu yara su kwafe. Yaro ya gane da wuri cewa in ya yi haƙuri fassara tana tafe, don haka kunnensa ba ya wahalar da kansa. Da wannan ɗabi'a muke miƙa shi sakandare.

A can kuma sai ya tarar da maganin da ya fi cutar muni, wato dokar hana yin Hausa a harabar makaranta. Monita yana yawo da takarda yana rubuta sunaye, wanda aka kama ya biya tara ko ya sha bulala. Ni ma an yi mini, kuma abin da na koya daga ciki shi ne yin shiru idan monita yana kusa. Dokar ba ta ƙara wa kowa kalma ɗaya ba. Ta dai sa yaro ya ɗauki Turanci a matsayin harshen hukunci. Alhali an gwada akasin haka a ƙasar nan. Tun daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka riƙe shi darasi mai zaman kansa da kulawa ta musamman. Yaran ba su koma baya a Turanci ba. Mu ma muna da shaida a gida. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta kamar mu kafin siyasa ta ɗauke shi, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa, shi ne kuma wanda daɗin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Yanzu bari in juyo gare ku, 'yan kujerun baya, domin ku ne masu zaman jarrabawar. Ku san abin da WAEC take nema. Akwai takardar zaɓen amsa a kan kalmomi da nahawu. Akwai takardar rubutu, inda za ku yi insha'i na wajen kalma 450, ku amsa tambayoyin auna fahimta, sannan ku taƙaita wani dogon bayani. Akwai kuma takardar furuci. Ku lura da wadda ta fi nauyi. Hannun da bai taɓa cika shafi guda da tunanin kansa ba, ba zai zubo kalma 450 a ɗakin jarrabawa ba don kawai mai shi ya haddace nahawu. Taƙaitawa kuwa, a ganina, nan ne yaranmu suka fi zubar da maki, domin sukan ɗebo jimlolin marubucin ɗungurungum su ajiye, masu duba takarda kuma suna rage maki a kan irin wannan kwafi.

Maganin taƙaitawa yana cikin gidajenku, kuma a nan nake son iyaye mata su ba ni kunne. Wata yarinya da na koyar, mahaifiyarta ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Na ba yarinyar aron The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, ɗan ƙaramin littafi ne wanda labarinsa a ƙasarmu ta Arewa ya faru, sunayen mutanensa da garuruwansa ba baƙi ba ne gare ta. Sharaɗin shi ne kullum bayan cin abincin dare ta karanta shafi biyu a bayyane, ta rufe littafin, ta ba uwar labarin da Hausa. Uwar ba ta jin Turanci, amma ta san labari idan ya yi giɓi. Sai ta ce, "A'a, jiya kin ce yana cikin jirgin ƙasa, yaya aka yi ya koma can?" Dole yarinya ta buɗe ta sake dubawa. Bayan wata biyu na ƙara mata sharaɗi: abin da ta faɗa wa uwar, ta rubuta shi da Turanci a jimla uku kacal, da kalmominta. Wannan shi ne taƙaitawa, babu ragi babu ƙari. Daga nan ta wuce An African Night's Entertainment, ta wuce Chike and the River na Chinua Achebe. Uwar ce ta riƙa aiko ta neman wani littafin, domin ita ma labarin ya kama ta.

Kunne ma yana da nasa horo. Ka saurari labarai da Hausa da yamma, sannan ƙarfe tara na dare ka saurari na Turanci a NTA. Da yake ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai koma kan yadda ake faɗarsa. Wayar da ke hannunka kuma tana naɗar murya: karanta sakin layi ɗaya, ka saurari kanka. Babu daɗi da farko. Amma a nan za ka ji da kunnenka inda kake mayar da pan ya zama fan, da inda kake cusa wasali tsakanin baƙaƙe, irin cusawar da ta mayar mana da kalmar Turanci ta zama burodi. Kada kuma ka ɗauka Hausa cikas ce kawai. Bakin da ya iya raba gari na zama da gari na tuwo ta hanyar jan wasali, ya riga ya yi rabin tafiya wajen raba ship da sheep. Idan kuma za ka aika wa aboki saƙo a WhatsApp da Turanci, rubuta kalma cikakkiya, domin guntulen da hannu ya saba da shi yana bin mutum har ɗakin jarrabawa.

Saura babban dodo, wato dariya. Yaro ya yi ƙarfin hali ya yi Turanci a cikin abokai, sai a ce ga Bature ya iso, ko a ce iyayi ne. In ya yi kuskure a riƙe masa shi ya zama sunansa har ya gama makaranta. 'Yan mata sun fi shan wannan, domin su har da rashin kunya ake jingina musu. Shawarata ita ce ku nemi junanku, mutum uku ko huɗu da hanyarku ta gida take ɗaya, ku ƙulla alkawari: daga ƙofar makaranta zuwa mararraba Turanci za a yi, wanda ya kakare a ba shi kalmar, kuma babu mai dariya. Minti goma sha biyar a rana ya ninka rabon da aji zai ba ka sau talatin.

Abokan aiki, kada mu yi kamar dodon nan yara kaɗai yake kamawa. Na fito kwalejin ilimi da takardata a hannu, amma na yi shekaru ina gudun yin Turanci a ɗakin malamai, tsoron kada wani ya ɗaga gira. Yaro yana ganin wannan. Ran da na fara cewa a gaban aji, "Ban tabbatar da furucin wannan kalma ba, a miƙo ƙamus mu duba tare," ran nan hannuwa suka fara tashi. Wasunmu kuma sun san iyayen da suke kwasar 'ya'yansu zuwa makarantun da ake biya a rubuta amsa a allo ranar jarrabawa. Yaron zai samu kiredit ɗin, sannan ya je ya zauna gaban kwamfuta a jarrabawar JAMB, inda Turanci wajibi ne a kan kowa, babu mai rubuta masa komai.

Saboda haka ina roƙon reshe abu biyu, babu wanda yake jiran kasafin kuɗi a cikinsu. Na farko, aji ɗaya a makarantar da muke taro a buɗe shi kowace Asabar daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, malamai biyu bisa karɓa-karɓa, ɗaya na firamare ɗaya na sakandare. Ba darasi za a yi ba, kuma ba za a taɓa alli ba. Yara ne za su karanta, su ba da labari, su yi muhawara, mu namu sauraro da gyara a hankali. Na biyu, kowane ɗan ƙungiya ya kawo littafin labari ɗaya na Turanci mai sauƙi, ko da bangonsa ya cire. Akwai kwali a bakin ƙofa, na riga na zuba guda shida a ciki. Asabar ta farko bayan dawowa hutu na ɗauke ta, ina neman malamin sakandare ɗaya da zai zauna tare da ni. Wanda ya amince ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.